Farantin Ranar Alhamis

Tudun Zaitun, Birnin Shida ga Oktoba
Alhamis, 6 ga Maris

Zuwa ga 'yar'uwata kuma maƙwabciyata, Umm Milad,

Gaisuwa mai tarin yawa, da fatan kina lafiya, ke da gwiwoyinki da kunnen nan naki da ya hana ni kiran ki a waya. Ki gaida Milad da matarsa in sun leƙo, da duk mutanen lungunmu, har da Abu Samir mai kanti, duk da awonsa bai taɓa cika ba.

To, ga ni a gidan da Midhat ya saya. Usta Fawzi ya ce duk Alhamis yana kawo wani fasinja birnin nan a tasinsa, saboda haka shi ne ɗan aikenmu. Ga farantinki nan mai bakin shuɗi. Ranar da aka kwashe kayana yana hannuna, a ruɗe na taho da shi. Shekara arba'in da ɗaya yana kai da kawowa tsakanin ƙofata da taki bai taɓa tafiya wayam ba, ba kuwa zan fara da tsufana ba. Na naɗe miki kabeji da shinkafa, babu nama babu man shanu, na san kin shiga babban azuminku.

Kin ce in ba ki labarin wurin. Sunansa Tudun Zaitun, amma har yau ban ga tudu ba, ban ga zaitun ba. Katanga ce ta zagaye gidaje ɗari biyu masu kama ɗaya, ƙofa guda, masu gadi huɗu. Unguwa goma sha ɗaya Midhat ya zagaya da matarsa Sherin kafin su zaɓi wannan. Ranar da muka iso ya tsayar da ni a baranda ya ce, "Mama, saurara. Kin ji wani abu?" Na ce ban ji ba. Ya ce, "Yawwa, abin da na saya ke nan." Na ce, "Ɗana, ai maƙabarta ma haka take, kuma ta fi araha." Bai yi dariya ba. Kin san shi, tun yana ƙarami in ya yi abin kirki sai a yaba, in ba haka ba ya kumbura.

Akwai ƙungiyar masu gidaje, kuma suna da littafin dokoki, shafi talatin da biyu. Midhat ne magatakardansu, shi ya sa ya ba ni in karanta. Ba a shanya a baranda. Labulen da ke kallon titi dole ya zama launin madara. Ciyawar ƙofar gida kada ta wuce tsawon ɗan yatsa, kuma wallahi akwai mai zuwa da ma'auni. Kare yana da katinsa har da hoto, amma kaza ko agwagwa ko tattabara haramun ne. Ba a soya tafarnuwa da taga a buɗe. Ki faɗa mini, don Allah, ta yaya mace za ta yi miyar lalo ba tare da unguwa ta sani ba? Mai wake ba ya shigowa da safe, mai gas ba ya buga tulunsa. Ba a ƙwanƙwasa ƙofar maƙwabci sai an sanar da shi tun farko.

Ɗakina yana sama, yana da kyau, rana tana shiga. Ba na tari kamar da. Yaron nan don ni ya yi, na sani, tun da likita ya ce danshin tsohon gidan zai cinye ƙirjina. Amma ina kewar ki, Wadida, kewa irin wadda ban yi ba tun rasuwar Abu Midhat.

Allah ya tsare ki. Zan riƙa jira a bakin ƙofar unguwa duk Alhamis, tunda tasi ba ta shiga.

Taki har kullum,
Ihsan, Umm Midhat

*

Shubra, 13 ga Maris

Umm Midhat,

Lafiya lau muke, mun gode Allah. Gwiwa tana nan yadda kika bar ta, kunne kuwa ya ƙara gaba. Kowa yana gaishe ki. Abu Samir ya ce awonsa daidai yake, idonki ne babba.

Kabejinki gishiri ya yi kaɗan. Da ganin haka na san ba da daɗin rai kika yi shi ba, don ke sai kina murna hannunki ke nauyi. Na cinye dai. Ga miyar waken adas nan, ki matsa lemun tsami.

Iye, matar manya! An koma inda kare ke da kati. Ki tambaye su ko ke ma za su yi miki, tunda kin fi karen daɗewa a duniya. Na karanta wa matan lungu dokokinku a bakin matakala, Umm Hani ta yi dariya har haƙoranta na roba suka faɗo. Ni ban yi ba. Iyayenmu sun ce a nemi maƙwabci kafin a nemi gida. Ɗanki ya duba famfo, ya duba fenti, ya duba wurin ajiye mota, a unguwa goma sha ɗaya. Ko sau ɗaya ya tambaya wa ke zaune a gidan kusa? Ni na yi masa wankan farko a duniya, ina da bakin faɗa masa, kuma zan faɗa.

An saka wasu a gidanki, ango da amarya, ba su da laifi. Sai dai ba sa sauko da kwando. Ni kuwa sabo turken wawa, ƙarfe bakwai na safe ina tsaye a taga ina jiran in ga kwandonki ya sauko da igiya wurin mai burodi. Kin tuna shekarar da zazzaɓi ya kayar da ke, Abu Midhat yana aiki a Kuwait? Bakwai ta wuce, takwas ta yi, kwando bai sauko ba. Ban tambayi kowa izini ba, na ɗauko taɓaryar ƙarfe na fasa makullinki. Kika yi wata guda kina yi mini mitar makullin, mara godiya.

Abin da nake tambaya ke nan. A can wa ke duba kwandonki?

Ki ce da Midhat ina son zuwa. Zumunta a ƙafa take, ko ƙafar ta lalace. Mota biyu ce kawai, na tambaya.

Budurwa Maryamu ta lulluɓe ki, ko kin so ko kin ƙi.

Wadida

*

Tudun Zaitun, 17 ga Afrilu

'Yar'uwata abar ƙaunata Umm Milad,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina yi miki barka da idinku tun kafin ya zo. Ga kahk nan, cincin ɗin idi, na toya miki, ki ɓoye shi sai an buɗe baki, kada ki ce ni na karya miki azumi.

Makonnin nan duk gajerun takardu nake aiko miki, kina ta zagi na. Yau zan faɗa miki abin da na ɓoye.

Kwandon nan dai na zo da shi. Wata safiya na ga masu yankan ciyawa a ƙarƙashin barandata, 'yan Kudu ne, rana ta gasa su. Na haɗa shayi kofi uku na saka a kwando na zura musu. Sun yi ta sa mini albarka. Na ji kamar ina gida. Kwana shida ina yi, har na fara tashi da wuri don shi. Ashe matar gidan da ke fuskantar mu ta ɗauki hotona. Aka kira taro a kaina, Wadida, a kan kwando!

Na ce sai na je da ƙafata. Shugabansu wani tsohon janar ne, Ra'afat Basha, mai rina gashin baki. Ya ɗaga hoton ya ce, "Hajja, doka ta tara. Ba a rataya komai a baranda."

Na ce, "Basha, ai ban rataya ba, saukarwa nake yi."

Ya ce, "Hajja, nan ba Shubra ba ce."

Na ce, "Na sani, ranka ya daɗe. A Shubra in tsohuwa ta tsaya, ana ba ta kujera."

Wasu suka sunkuyar da kai. Midhat yana gefe yana rubuta abin da ake faɗa, kunnuwansa sun yi ja. Da muka koma gida ya ce, "Mama, kin kunyata ni a gaban mutane. Don Allah ki taimake ni, ni nake riƙe da littafin nan." Ya ɗauki kwandon ya ɗora bisa kabad, inda hannuna ba ya kaiwa. Na bar shi. Ɗa ne, kuma gidansa ne.

Duk da haka ban daddara ba. Na ce bari in gyara tsakanina da matar nan mai hoto. Na sa Sherin ta sanar da ita kamar yadda doka ta ce, na dafa shinkafa da madara na kai. Mai aikinta ce ta karɓa a ƙofa. Washegari aka dawo mini da farantin a wanke tas, babu ko ƙwayar dabino a ciki, sai 'yar takarda wai sun gode amma ba sa cin sukari. Na zauna a kicin na yi kuka kamar yarinya. Ba don shinkafar ba. Ban taɓa sanin faranti wayam yana da nauyi haka ba.

Maganar zuwanki. Sai an rubuta sunan baƙo a ƙofa kwana ɗaya kafin ya zo, kuma mai gida ko matarsa ne kaɗai ke rubutawa. Na je na ce a rubuta ki, mai gadi ya duba takarda ya ce, "Hajja, ki yi haƙuri, ke ba mai gida ba ce, uwar mai gida ce." Midhat ya ce in bari su dawo daga tafiya, zai je da kansa ya ɗauko ki a motarsa. Za su tafi bakin Bahar Maliya hutu ƙarshen watan nan, mako guda, har mai aikinmu za a sallame ta ta je ganin gida. Sun yi ta fama in bi su, na ƙi. Me zan yi da teku? Kuma in na tafi wa zai tari Usta Fawzi?

Kaina yana ɗan juyawa da safe kwanakin nan, amma kada ki tayar da lungu. Tsufa ne.

Ki sa ni a addu'arki, ni ma ba na manta ki a tawa.

Ihsan

*

Bakin ƙofarku, Alhamis 1 ga Mayu

Ihsan,

Babu gaisuwa yau. A kan gwiwata nake rubutu, da biron mai gadi.

Usta Fawzi ya dawo da hantsi ya ce ya jira ki awa guda ba ki fito ba. Mako takwas ba ki taɓa saɓawa ba, kuma farantin yana hannunki. Ke da ba kya kwana da bashin faranti. Na yafa mayafi na fito, ko murhu ban tuna na kashe ba. Mota biyu suka ce, ashe uku ce, da tafiyar ƙasa.

Na iso da azahar. Na ce su buɗe. Suka duba takarda, babu sunana. Suka buga wayar gidanku, tana ta ƙara babu mai ɗauka. Na ce to ba ga shi ba, abin da nake faɗa ke nan! Babbansu ya ce in ba a ɗauka ba, ba a ba da izini ba ke nan. Na ce ɗayanku ya je ya leƙa ta taga. Ya rubuta mini a takarda, don na ce ba na ji: doka ta goma sha huɗu, mai gadi ba ya taka harabar gida sai da yardar mai gida. Suka kira Midhat sau uku a gabana, bai ɗauka ba.

Akwai wani dattijo a cikinsu, mutumin Sohag, yana ta ce mini Hajja har na nuna masa gicciyen da ke wuyan hannuna. Ya ce, "Ko ma dai mene ne, uwata, ki yafe mini. 'Ya'ya biyar gare ni. Wancan watan an kori wani don ya shigar da mai kawo magani." Ya ba ni kujerarsa da ruwa. Idonsa ya cika da hawaye. Ban zage shi ba.

Sai na kama ƙarfen ƙofa na yi ta kiran sunanki. Kin san muryata, daga hawa na huɗu nake tsayar da mai kankana. Na kira Ihsan, na kira Umm Midhat, na kira ki da sunan da uwarki ke kiran ki. Sai ga janar ɗinku a 'yar motarsa mai kama da keken yara. Ya ce daga ƙarfe biyu zuwa biyar lokacin hutu ne, ba a ɗaga murya. Ya ce wataƙila kin bi iyalinki teku. Na ce ba ta bi ba. Ya ce ina hujja? Na ce faranti. Ya kalle ni kamar mahaukaciya.

Gidajen nan duk kamarsu ɗaya, ban ma san wanne zan kalla ba. Da na san wanne ne, da na san abin yi da katangar nan, da gwiwar da komai.

Rana ta kusa faɗuwa, sun ce in ban tashi ba za su kira 'yan sanda, motar ƙarshe kuma tana shirin tashi. Zan bar wannan a hannun mutumin Sohag. Gobe Milad zai nemo lambar ofishin ɗanki, sai dai Juma'a ce, ban san ko za a samu kowa ba.

Allah ya sa barci kike yi. Allah ya sa gobe ki zage ni, ki ce na tara miki jama'a.

Wadida

*

Tudun Zaitun, 14 ga Mayu

Zuwa ga mai girma innata, Khalti Umm Milad,

Bayan gaisuwa ta girmamawa, ina roƙon Allah ya ƙara miki lafiya da tsawon rai. Ina neman afuwa da ban rubuto da wuri ba, kuma da na bari kika ji rasuwar Mama daga bakin Usta Fawzi. Na ɗauki biro ya fi sau goma ina ajiyewa.

Haƙƙinki ne ki san yadda abin ya faru, don haka zan faɗa a jere.

Mun dawo ranar Juma'a da la'asar. Mai gadi ya miƙo mini takardarki ta tagar mota, na karanta layi biyu na bar motar a buɗe na ruga. Na sami Mama a ƙasa tsakanin kicin da ƙofar fita, da mayafinta da takalmi ƙafa ɗaya. Tana numfashi, idonta a buɗe, amma ɓarin jikinta ya mutu, ba ta magana. Likita ya ce tun safiyar Alhamis ta faɗi. Na tambaye shi da an kawo ta ranar fa? Ya ce komai na Allah ne, bai kalle ni ba. Ta cika ranar Lahadi bayan azahar.

Gidanmu shi ne na huɗu daga ƙofa, Khalti. Na auna da ƙafata, taku ɗari da goma. Tagar kicin a buɗe take, don ta soya tafarnuwa da safen. Ba na shakka ta ji ki.

Akwai abu biyu da ban faɗa wa kowa ba, ko Sherin. Na farko, na ga kiran masu gadi sau uku. Ina zaune a bakin ruwa, wayar tana hannuna. Na ce a raina wani ne ya ajiye mota a inda bai kamata ba, su jira in dawo. Na biyu, doka ta goma sha huɗu ni na rubuta ta. An yi sata a wani gida bara, aka zargi mai gadi, na kawo shawarar, aka tafa mini. Na zauna na zaɓi kalmominta ɗaya bayan ɗaya don kada a samu kafar shiga. Ba a kuwa samu ba.

Na so a kafa rumfar makoki a ƙofar gida kamar yadda aka yi wa Baba. Doka ta ashirin da biyu ta hana. Muka karɓi gaisuwa a wani zaure da ake haya, kujera ɗari biyu, ba a cika talatin ba. Daga unguwar nan mutum huɗu suka zo. Matar da ke fuskantar mu ta aiko da furanni. Ban sanar da lungu ba saboda kunya, wannan ma laifi ne a kan laifi.

Ni na fitar da ita daga Shubra don ta daɗe. Na lissafa iska da danshi da nisan asibiti. Ban lissafa ki ba.

Farantinki yana kan tebur ranar, an rufe shi da ƙyalle, miyar lalo ce da shinkafa. Ta lalace, na zubar, na wanke shi da hannuna. Ga shi nan na ba Usta Fawzi. Na san ba a mayar da shi haka, na tsaya a kicin na rasa abin da zan zuba. Kwandon ma na sauko da shi, ban san inda zan kai shi ba.

Na ajiye aikin ƙungiya. Ba na cewa wannan ya biya komai. Ina roƙon ki yafe mini, in za ki iya.

Ɗanki mai laifi,
Midhat

*

Shubra, 22 ga Mayu

Midhat,

Na gaishe ka. Allah ya ji ƙan uwarka, ya ba mu haƙuri.

Ka ce in yafe maka. Ban iya ba tukuna, kuma ba zan yi maka ƙarya ba. Har yanzu ƙarfe bakwai tana samu na a taga.

Farantin ya iso, na mayar maka. Miyar adas ce, ka matsa lemun tsami, ka ci, Usta Fawzi ya ce ka rame. Yanzu yana hannunka. Kada ka sake ba direba, kuma kada ya zo mini wayam. Ko burodi ne ka saka, ka kawo da ƙafarka, ka haɗo da kwandon.

Ranar arba'in za mu kafa mata rumfa daga kantin Abu Samir har bakin masallaci. Mutanen lungu sun riga sun yi magana da mai karatu. Ana bukatar ɗanta ya tsaya a bakin rumfa ya karɓi gaisuwa.

Ka zo ko wane lokaci. Lungunmu ba shi da ƙofa, babu wanda zai tambayi sunanka.

Umm Milad